Me Ya Sa Ba a Cewa "Informations"? Nau'o'in Suna da Jam'insu a Turanci

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyon Turanci, kuma sunaye suna ba ni wahala. A rubutuna na ƙarshe an ja jan layi a ƙarƙashin *informations*, *furnitures*, *my trouser* da *two mans*. An koya mana cewa *s* ake ƙarawa a yi jam'i, to a ina na kauce? Don Allah a yi min bayanin nau'o'in suna da yadda ake gina jam'insu.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kurakuran nan huɗu da ka kawo, jan layi ɗaya aka ja musu amma ciwonsu daban-daban ne. Biyun farko sunaye ne da Turanci ba ya ƙirgawa, saboda haka ba su da jam'i ko kaɗan. Na uku suna ne da ba shi da tilo. Na huɗu kaɗai ne aka yi kuskure wajen gina jam'i. Ka ga ke nan kafin mutum ya tambayi yadda jam'in kalma yake, akwai tambayar da ta riga ta: shin kalmar tana karɓar jam'i ma kuwa? Wanda ya saba yi wa kansa wannan tambayar ya rage fiye da rabin wahalarsa.

Bari mu fara da nau'o'in, amma ba dukkansu ne suka cancanci dogon bayani ba.

Rabon farko shi ne tsakanin sunan yanka da suna gama-gari. Sunan yanka shi ne na wani takamaiman mutum, wuri ko abu, kamar *London*, *Asia*, *Monday*. Gama-gari kuwa na kowane ɗaya ne daga cikin jinsin, kamar *city*, *continent*, *day*. Amfanin wannan rabo a rubutu yake: sunan yanka da babban baƙi yake farawa a ko'ina ya faɗo cikin jimla. Turanci yana sa ranakun mako, watanni, harsuna da sunayen al'ummomi a wannan rukuni, don haka *Friday*, *March*, *Arabic*, *French* duk da babban baƙi. Lokutan shekara ba sa ciki: *summer* da *winter* da ƙaramin baƙi ake rubuta su. Galibi sunan yanka ba ya ɗaukar *the*, sai dai koguna, tekuna, jerin duwatsu da ƙasashen da sunansu ke da siffar jam'i ko ya ƙunshi kalmar gama-gari: *the Nile*, *the Atlantic*, *the Alps*, *the Netherlands*, *the United States*. Dutse guda ɗaya galibi ba ya ɗauka, shi ya sa ake cewa *Mount Everest* kawai.

Rabo na biyu da littattafai ke yawan kawowa shi ne tsakanin abin da ake gani ko taɓawa, kamar *stone* da *door*, da abin da sai dai a fahimce shi a zuci, kamar *honesty* da *fear*. A ganina wannan rabon ana ba shi muhimmancin da ya wuce nasa. Ba ya gaya maka komai tabbatacce game da jam'i. *Idea* ba a taɓa ta da hannu amma ana cewa *three ideas*. *Furniture* kuwa kana zama a kansa, amma ba shi da jam'i. Ka san rabon don jarrabawa, sannan ka wuce.

Inda ya kamata ka tsaya sosai shi ne rabo na uku: suna mai ƙirguwa da suna marar ƙirguwa. A nan mafi yawan kurakurai suke fitowa, kuma a nan ne *a*, *an*, *much*, *many* da siffar aikatau duk suke rataye.

Suna mai ƙirguwa yana da tilo da jam'i, yana karɓar lamba, kuma yana karɓar *a* ko *an*: *a book*, *two books*, *many books*. Akwai wata doka a tare da shi da mai jin Hausa yake yawan mantawa: tilonsa ba ya tsayawa shi kaɗai. A Hausa "na sayi littafi" cikakkiyar jimla ce. A Turanci *I bought book* gurguwa ce, dole a sa wani abu a gaban sunan: *a book*, *the book*, *my book*, *this book*. Haka kuma a Hausa muna iya cewa "littafi uku" ko "mutum biyar", mu bar sunan a tilo lambar ta ɗauki nauyin yawan. Turanci bai yarda da haka ba. Da zarar lamba ta wuce ɗaya, sunan ma sai ya nuna: *three books*, *five cars*. Ko da ɗaya da rabi ne, *one and a half hours* ake cewa.

Suna marar ƙirguwa kuwa siffa ɗaya gare shi. Ba ya ɗaukar *a* ko *an*, ba ya ɗaukar lamba kai tsaye, ba ya ɗaukar *s*, kuma aikatau ɗinsa na tilo ne. Da shi ake amfani da *much* a maimakon *many*, *little* a maimakon *few*, *less* a maimakon *fewer*. Irin su *water*, *sand*, *air* ba sa ba kowa wahala, domin hankali ma ya yarda cewa ba a ƙirga su. Masu wahalar su ne waɗanda a Hausa muke da jam'insu lafiya lau. Muna cewa bayanai, shawarwari, labarai, hujjoji, ayyuka, sai harshe ya ja mu zuwa *informations*, *advices*, *evidences*, *homeworks*. Duk waɗannan a daidaitaccen Turanci marasa ƙirguwa ne. Ga waɗanda suka fi yawan kayar da masu koyo: *information*, *advice*, *news*, *evidence*, *knowledge*, *furniture*, *luggage*, *baggage*, *equipment*, *machinery*, *jewellery*, *homework*, *progress*, *traffic*, *permission*, *weather*, *money*.

Kada ka ɓata lokaci wajen neman hikimar da ta sa haka a cikin abin da kalmar take nufi, domin zaɓi ne na harshen. Faransanci ma yana da jam'in kalmar da ta yi daidai da *information*, Turanci ne dai bai yi ba. Abin da zai taimaka maka shi ne ka lura cewa da yawa daga cikinsu sunan tari ne, kamar yadda muke cewa "kaya". *Furniture* sunan tarin ne, abubuwan da ke cikinsa kuwa ana ƙirga su: *chairs*, *tables*, *beds*. *Luggage* tari ne, *bags* da *suitcases* su ne ƙirgaggu. *Money* tari ne, *coins* da *notes* ake ƙirgawa.

Idan kana buƙatar ƙirga irin wannan suna, hanya biyu ce. Ta farko, ka sa masa ma'auni a gaba, ma'aunin ya ɗauki jam'in: *a piece of advice*, *two pieces of information*, *three items of furniture*, *a bit of news*. Ka lura *s* ɗin a kan *pieces* yake, bai taɓa *information* ba. Ta biyu, ka sauya kalmar da 'yar'uwarta mai ƙirguwa, kuma sau da yawa wannan ya fi daɗin ji: *suggestions* ko *tips* a wurin *advice*, *facts* ko *details* a wurin *information*, *jobs* ko *tasks* a wurin *work*, *trips* ko *journeys* a wurin *travel*. Af, tunda mun ambaci *advice*: da *c* suna ne, da *s* kuwa, wato *advise*, aikatau ne, kuma furucinsu ma ya bambanta.

Sai kuma sunaye masu fuska biyu, waɗanda ke ƙirguwa da wata ma'ana, su ƙi ƙirguwa da wata. *Paper* takarda ce a matsayin abin da ake rubutu a kai, amma *a paper* jarida ce ko maƙala, *papers* kuma takardun shaida. *Glass* gilashi ne, *a glass* kofin gilashi, *glasses* kofuna ko tabarau. *Iron* ƙarfe ne, *an iron* dutsen guga. *Room* sarari ne, kamar a *there is no room in the car*, amma *a room* ɗaki ne. *Hair* gashin kai ne gaba ɗaya, *a hair* sili guda. *Time* lokaci ne, *three times* sau uku. *Experience* ƙwarewa ce, *experiences* abubuwan da suka faru da mutum. Saboda haka wanda ya rubuta a takardar neman aiki *I have many experiences in teaching* bai faɗi abin da yake nufi ba. *I have a lot of experience in teaching* ya kamata ya ce. Duk ƙamus mai kyau na masu koyon Turanci yana sa harafin C a gefen ma'ana mai ƙirguwa, U kuma a gefen marar ƙirguwa. Ka riƙa duba wannan harafin kafin ma ka karanta fassarar.

Akwai kuma suna tattarau, wanda siffarsa tilo ce amma yana nufin taron mutane: *family*, *team*, *committee*, *government*, *audience*, *staff*. A nan Turancin Ingila da na Amurka sun ɗan rabu. A Ingila ana iya cewa *the team is winning* idan ana kallon ƙungiyar a matsayin abu guda, ko *the team are arguing* idan ana kallon mutanen cikinta. A Amurka galibi tilo ake amfani da shi. Duk wanda ka zaɓa, ka tsaya a kansa har ƙarshen jimla: *is* yana tafiya da *its*, *are* yana tafiya da *their*. Kalmar *staff* tana bukatar kulawa ta daban. Mutum ɗaya ba *a staff* ba ne, *a member of staff* ne ko *a staff member*, kuma ma'aikata goma na ofishi ɗaya ba *ten staffs* ba ne. Sannan *police*, *cattle* da *people* kullum jam'i ne ko da yake ba su da *s*: *the police are investigating*. Ɗan sanda guda *a police officer* ne. *Peoples* da *s* akwai shi, amma al'ummomi yake nufi.

To yanzu ga ginin jam'in kansa.

Dokar da aka koya muku gaskiya ce: mafi yawan sunaye *s* suke ɗauka. Abin da ba a cika koyarwa ba shi ne cewa wannan *s* ɗin furuci uku gare shi, kuma sautin ƙarshe na kalmar ne ke zaɓa. Ka ɗora yatsa a maƙogwaronka ka furta sautin ƙarshen. Idan babu ziza, wato ba ka ji maƙogwaron yana rawa ba, kamar a *p*, *t*, *k*, *f*, sai ka furta "s": *cups*, *cats*, *books*. Idan akwai ziza, wato dukkan wasula da baƙaƙe irin su *b*, *d*, *g*, *m*, *n*, *l*, sai ka furta "z": *dogs*, *pens*, *boys*. Idan kuma kalmar ta ƙare da sauti mai huci irin "s", "z", "sh", "c" ko "j", sai a ƙara gaɓa guda, "iz": *buses*, *boxes*, *dishes*, *churches*, *judges*. Dalili a fili yake, harshe ba zai iya jera sautuka biyu masu kama da juna ba tare da wasali a tsakani ba. A 1958 wata masaniyar harshe a Amurka, Jean Berko, ta nuna wa yara ƙanana hoton wata halitta da ta ƙirƙira ta kira ta *wug*, sannan ta nuna musu guda biyu. Yaran suka ce *wugs* da sautin "z", alhali ba su taɓa jin kalmar ba. Wato doka ce a cikin kunnen masu harshen, ba hadda ba. Mu ma muna da "s" da "z" a Hausa, don haka bambancin ba baƙo ba ne gare mu. Wahalarmu ita ce cunkoson baƙaƙe a ƙarshen kalma, kamar a *desks*, *texts*, *months*. Mutum yakan haɗiye *s* ɗin a baki, daga nan kuma ya ɓace a rubutu.

Wannan furuci na uku shi ya haifi dokar rubutu ta *es* bayan *s*, *ss*, *sh*, *ch*, *x* da *z*. Tunda sauti ne tushen dokar, idan *ch* ya fita da sautin "k", *s* kawai ake sawa: *stomachs*, *monarchs*. *Quiz* kuma yana ninka harafin ƙarshe, ya zama *quizzes*.

Kalma mai ƙarewa da *y*, sai ka dubi harafin da ke kafinsa. Idan baƙi ne, *y* ya koma *ies*: *city* zuwa *cities*, *lady* zuwa *ladies*, *country* zuwa *countries*. Idan wasali ne, *s* kawai: *days*, *keys*, *valleys*, *monkeys*. Sunan yanka ba a taɓa masa rubutu, shi ya sa ake rubuta *the Kennedys*.

Masu ƙarewa da *o* ba su da doka mai ƙarfi, sai dai alamu. Idan wasali ne kafin *o*, *s* ne ba shakka: *radios*, *videos*, *studios*, *zoos*. Kalmomin da aka gajarta su ma *s*: *photos*, *kilos*, *memos*. Haka kalmomin kiɗa da aka aro daga Italiyanci: *pianos*, *solos*. Waɗanda ke ɗaukar *es* dole 'yan kaɗan ne, ka haddace su: *heroes*, *echoes*, *vetoes*, *potatoes*, *tomatoes*. Wasu kuma duka biyun sun halatta, kamar *mosquitoes* da *mosquitos*, *volcanoes* da *volcanos*.

Masu ƙarewa da *f* ko *fe* ana yawan koyar da su a juye, a ce dokar ita ce *f* ya koma *ves*. A gaskiya masu yin haka rukuni ne ƙarami na tsofaffin kalmomi: *calf*, *elf*, *half*, *knife*, *leaf*, *life*, *loaf*, *self*, *sheaf*, *shelf*, *thief*, *wife*, *wolf*. Tushen abin a Tsohon Turanci yake, inda harafin *f* ke fita da sautin "v" idan ya faɗo tsakanin sautuka masu ziza. Tilon *wolf* a lokacin *wulf* ne, jam'insa *wulfas*, sai *f* ɗin tsakiya ya sami ziza, kuma aka gaji furucin har yau. Sauran kalmomi *s* suke ɗauka: *roofs*, *chiefs*, *cliffs*, *beliefs*, *proofs*, *safes*. Ka kula da ukun ƙarshe, domin idan ka mai da su *believes*, *proves*, *saves*, sun tashi daga suna sun koma aikatau. *Scarf*, *hoof* da *wharf* suna karɓar duka biyun. Wani abu makamancin haka yana faruwa a *house*: tilon yana ƙarewa da "s", amma a *houses* sautin ya koma "z", ko da yake rubutun bai nuna ba.

Yanzu ga *two mans* ɗinka. Akwai sunaye bakwai da ke yin jam'i ta hanyar sauya wasalin ciki: *man* da *men*, *woman* da *women*, *foot* da *feet*, *tooth* da *teeth*, *goose* da *geese*, *mouse* da *mice*, *louse* da *lice*. Wannan bai kamata ya ba mai jin Hausa mamaki ba, mu da muke mai da "akuya" "awaki", "doki" kuma "dawaki". Asalinsu shi ne, tun kafin a fara rubuta Turanci, jam'in waɗannan kalmomi yana da ɗafi mai wasalin "i" a ƙarshe. Wannan "i" ya ja wasalin cikin kalmar zuwa gaban baki, daga baya ɗafin ya faɗi, sauyin ya zauna shi kaɗai yana nuna jam'i. A *women* sauyin da kunne ke ji a gaɓar farko yake, ana furta ta kamar "wimin". Harɗaɗɗun kalmomi masu *man* suna bin sahu, *policemen*, *businessmen*, amma *human*, *German* da *Roman* ba sa cikinsu, jam'insu *humans*, *Germans*, *Romans*.

Tsohon ɗafin *en* ya rage a *oxen* da *children*, sai *brethren* da ake ji a harshen addini, jam'in yau da kullum kuwa *brothers* ne. *Children* ma jam'i biyu ne a haɗe: *r* ɗin ciki tsohon jam'i ne, daga baya aka ɗora masa *en*. Saboda haka *childrens* jam'i na uku ke nan a kan kalma ɗaya, kuma kuskure ne.

Wasu sunaye ba sa sauyawa sam: *one sheep*, *ten sheep*. Haka *deer*, *aircraft*, *offspring*, *series*, *species*, *means*, *crossroads*, da sunayen al'ummomi irin su *Chinese*, *Japanese*, *Swiss*. A nan aikatau da kalmomin gefe ne ke nuna yawa: *this species is rare*, *these species are rare*. Jam'in *fish* na yau da kullum *fish* ne, *fishes* ana amfani da shi ne idan ana maganar nau'o'i daban-daban, musamman a rubutun kimiyya.

Kalmomin da aka aro daga Latin da Girkanci sun shigo da jam'insu, kuma duk mai shirin rubutun jami'a dole ya san su. Masu ƙarewa da *sis* suna komawa *ses*, kuma wannan ba shi da zaɓi: *crisis* da *crises*, *analysis* da *analyses*, *thesis* da *theses*, *basis* da *bases*, *hypothesis* da *hypotheses*. Ana ja wasalin ƙarshe, a furta shi kamar "siiz". Wasu masu *on* suna komawa *a*: *criterion* da *criteria*, *phenomenon* da *phenomena*. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaukar jam'in a matsayin tilo, a ce *a criteria* ko *this phenomena*, ko a ƙara masa *s* ya zama *criterias*. Masu *um* su ma *a*: *bacterium* da *bacteria*, *curriculum* da *curricula*, ko da yake *curriculums* ma ya karɓu, kuma *museums* da *albums* sun zama 'yan gida gaba ɗaya. Masu *us* wasu suna komawa *i*, kamar *stimuli*, *nuclei*, *alumni*, *fungi*, wasu kuma *es* kawai: *viruses*, *campuses*, *bonuses*. Akwai waɗanda jam'insu biyu ya rabu da ma'ana: *antennae* na ƙwaro ne, *antennas* na rediyo, *indices* a lissafi, *indexes* a ƙarshen littafi. *Data* asalinta jam'in *datum* ce, kuma a rubutun kimiyya har yanzu za ka ga *the data are*, amma a sauran wurare *the data is* ya zama ruwan dare. *Datas* dai babu. *Agenda* ita ma asalinta jam'i ce a Latin, amma a Turancin yau tilo ce cikakkiya, jam'inta *agendas*.

Mu dawo kan *my trouser*. A Hausa wando tilo ne, almakashi tilo ne, tabarau ma haka. Turanci kuwa yana kallon duk abin da ke da ɓangare biyu a haɗe a matsayin jam'i: *trousers*, *jeans*, *shorts*, *pyjamas*, *scissors*, *pliers*, *binoculars*, *glasses*. Ko guda ɗaya ne, *my trousers are torn* za ka ce, kuma wakilin sunansa *they* ne. Idan za ka ƙirga, sai *pair* ya shigo: *a pair of trousers*, *three pairs of scissors*. Da zarar *pair* ya shigo, shi aikatau ke bi: *this pair of trousers is new*. Akwai wasu marasa tilo da ba su da alaƙa da ɓangare biyu: *clothes*, *goods*, *belongings*, *surroundings*, *outskirts*, *premises*, *thanks*, *congratulations*. Shi ya sa idan za ka taya wani murna, *congratulations* za ka rubuta da *s*. *Cloth* kuma ba tilon *clothes* ba ne, yadi yake nufi ko tsumma.

Kishiyarsu su ne masu *s* a ƙarshe amma tilo ne: *news*, fannonin ilimi irin su *mathematics*, *physics*, *economics*, da cututtuka irin su *measles* da *mumps*. *The news is good*, *physics is difficult*. *Statistics* fuska biyu gare ta, tilo ce idan darasin ake nufi, jam'i ce idan alƙaluman ake nufi.

A harɗaɗɗen suna, ka nemo kalmar da ita ce ainihin abin, ita ke ɗaukar jam'i. Galibi ita ce ta ƙarshe: *bus stops*, *classrooms*, *toothbrushes*. Amma a *mother-in-law* uwar ce ake ƙirgawa, don haka *mothers-in-law*. Haka *passers-by*, *runners-up*, *commanders-in-chief*. Idan babu suna a cikin haɗin, *s* ya tafi ƙarshe: *grown-ups*, *check-ups*. Masu ƙarewa da *ful* ma a ƙarshe: *spoonfuls*, *handfuls*. Sunan da ya zo gaban wani suna yana siffanta shi kuwa yakan zauna a tilo, ko da ma'anarsa jam'i ce. Buroshi haƙora da yawa yake gogewa amma *toothbrush* ne. Wannan dokar ce ta sa ake cewa *the boy is five years old* amma *a five-year-old boy*, *ten minutes* amma *a ten-minute walk*. Akwai 'yan kalmomi da suka fita daga wannan, irin su *sports car* da *savings account*.

Lambobi ma suna da nasu tarkon. *Hundred*, *thousand*, *million* da *dozen* ba sa ɗaukar *s* idan akwai takamaimiyar lamba a gabansu: *two hundred people*, *five million cars*. Suna ɗauka ne idan yawan ba a ƙayyade ba, kuma a lokacin *of* ke biyo baya: *hundreds of people*. Haɗa su biyun, a ce *two hundreds of people*, shi ne kuskuren. Bayan *one of* jam'i ne ke zuwa amma aikatau na tilo ne: *one of my friends is a doctor*, domin ɗaya ake cirewa daga cikin da yawa. Bayan *each* da *every* tilo ne: *every student has a book*. *A number of students are absent* daidai ne, domin ma'anarsa "wasu ɗalibai", haka ma *the number of students is rising* daidai ne, domin adadin ake magana a kai. Tazara, lokaci ko adadi idan an ɗauke shi a dunƙule yana tafiya da tilo: *ten kilometres is a long way*. A doguwar jimla kuma kada sunan da ya fi kusa da aikatau ya ruɗe ka. A *the list of items is on the table*, jerin ne ke kan tebur, saboda haka *is*.

Abu na ƙarshe shi ne waƙafin sama, irin wanda muke sawa a rubutun 'ya'ya. A Turanci ba ya yin jam'i, mallaka yake nunawa. *Boys* yara maza ne. *The boy's bag* jakar yaro ɗaya ce, *the boys' bags* jakunkunan yara da yawa, waƙafin ya koma bayan *s*. Idan jam'in bai ƙare da *s* ba, sai a yi masa kamar tilo: *children's books*, *women's rights*, *people's opinions*. A harɗaɗɗen suna jam'i da mallaka wuri daban-daban suke sauka: *my brothers-in-law* surukai ne da yawa, *my brother-in-law's car* motar suruki ɗaya ce. Gajerun sunaye na haruffa da shekaru ma ba sa bukatar waƙafin wajen jam'i: *DVDs*, *NGOs*, *the 1990s*. Wurin da aka yarda a sa shi don jam'i shi ne ƙananan haruffa guda-guda, kamar a *there are two a's in this word*, domin idan babu shi *as* za a karanta.